Tsakanin Batsari da ɗakin gwaje-gwaje: inda hanyar 'yan mata ke yankewa

Duk shekara, idan aka kammala jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, akwai shawarar da ake yankewa a gidaje da yawa na Batsari da Safana, wadda ba ta fitowa a rediyo ko jarida. Yarinya ce 'yar shekara 14 ko 15, malamanta sun shaida tana da kai, lissafi ba ya ba ta wuya. Hanya ta rabu uku a gabanta: ko ta tafi makarantar kwana ta kimiyya da ke nesa da gida, ko ta shiga babbar sakandaren jeka-ka-dawo mafi kusa ta karanci abin da ya samu, ko kuma a ce karatu ya isa haka, a fara tara kayan ɗaki. A wannan zama na uba da uwa, wani lokaci har da kawu da gwaggo, ake tantance ko yankin zai samu injiniya mace nan da shekara goma.

Idan aka tashi maganar tallafa wa mata a kimiyya da injiniyanci a manyan birane, daga jami'a ake farawa: guraben ƙaro karatu, kuɗin bincike, tarukan ƙara wa juna sani, lambobin yabo. Duk suna da amfani. Sai dai a yammacin jihar Katsina, mafi yawan 'yan matan da ake magana a kansu an riga an rasa su tun ba su hango ƙofar jami'a ba. Manomin rani da kwatarsa ta fashe tun daga bakin rijiya, komai gyaran da zai yi wa fangalin ƙarshe ba zai ga ruwa ba. A nan, bakin rijiyar shi ne tsallakawa daga ƙaramar sakandare zuwa babba.

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne maƙwabta, duk biyun sun jingina da Dajin Rugu wanda ya miƙa har cikin Zamfara. Ƙidayar 2006 ta nuna Batsari tana da mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000. Ƙasa ce ta noma da kiwo: gero, dawa, wake, gyaɗa, ga kuma rogo da dankali da suka yi wa Batsari suna a kasuwannin jihar. Ba mutane ne da ba su san darajar ilimi ba. Amma fiye da shekara goma ke nan matsalar ɓarayin daji tana cin su, ta kuma sauya yadda iyaye ke kallon duk wata tafiya da za ta raba su da 'ya'yansu.

Makarantun da aka fi taɓawa

Wanda ya bi sunayen makarantun da aka kwashe ɗalibai a Arewa zai lura da wani abu mai ɗaga hankali. A daren 14 ga Afrilu 2014 da aka sace 'yan mata 276 a Chibok, sun taru ne don rubuta jarrabawar ƙarshe, ciki har da ta fiziks. Makarantar Dapchi da aka kwashe 'yan mata 110 a ranar 19 ga Fabrairu 2018 kwalejin kimiyya da fasaha ce ta mata. Ta Ƙanƙara, a nan jihar Katsina, inda aka kora ɗaruruwan yara maza cikin daji a ranar 11 ga Disamba 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, sakandaren kimiyya ce. Ta Kagara a jihar Neja, 17 ga Fabrairu 2021, kwalejin kimiyya ce. Kwana tara bayan haka aka shiga ta Jangebe a Zamfara aka tafi da 'yan mata 279. Ita ma sakandaren kimiyya ce ta mata.

Masu kai hare-haren ba iri ɗaya ba ne. Na Chibok da Dapchi suna da aƙidar ƙin karatun boko. Na Ƙanƙara da Kagara da Jangebe kuɗin fansa da matsa wa gwamnati lamba ne a gabansu. Amma makarantar da suke samu a sauƙaƙe iri ɗaya ce: ta kwana, a bayan gari, mai faɗin fili da gajeren shinge, da ɗaruruwan yara a wuri guda cikin dare. Ga shi kuma shekara da shekaru gwamnatocin Arewa a irin waɗannan makarantun suka tattara karatun kimiyya, saboda kayan gwaji suna da tsada, malaman fiziks da kemistiri kuma ba su da yawa. Dabarar da aka yi don a sauƙaƙa kimiyya ita ce ta koma abin da iyaye suka fi tsoro.

Bayan harin Ƙanƙara gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana, aka riƙa buɗe su sannu a hankali. Mutanen Batsari kuwa ba sai an ba su labarin tsoro ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin dare ɗaya. Garuruwa da dama sun watse, mata da yara suka cika garin Batsari da birnin Katsina, wasu suka tsallaka yankin Maraɗi a Nijar, har aka sha tsugunar da 'yan gudun hijira a azuzuwan firamare. A Oktoban 2023 an sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga gidan da suke haya a cikin gari, Dutsin-Ma kuwa maƙwabciyar Safana ce.

Saboda haka uban da ya ce ba zai kai 'yarsa makarantar kwana ba bai kamata a yi masa kallon jahili ko maƙiyin boko ba. Lissafi ya yi, kuma lissafinsa yana da hujja. Duk shirin da zai fara da zargin iyaye ya faɗi tun bai tashi ba. Tambayar da ta dace ita ce: me za a yi don kada karatun kimiyya ya zama sai an sayar da kwanciyar hankalin gida kafin a same shi?

Abin da karatun kimiyya ke buƙata

Wanda ke son karanta injiniyanci a jami'ar Najeriya sai ya samu kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki dole da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, sannan ya rubuta waɗannan darussa huɗu a jarrabawar JAMB. Yarinyar da ta shiga ajin da ba a koyar da fiziks a shekarar farko ta babbar sakandare, ƙofar ta rufe mata ke nan, ko da ita ce ta ɗaya a garinsu.

Fiziks da kemistiri kuma ba a cin su da hadda kawai, domin kowanne yana da jarrabawar aiki da hannu. A ta fiziks ana iya ba ɗaliba zare da ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshensa, da ma'aunin tsawo, da agogon ƙirga daƙiƙa. Za ta rataye zaren, ta ɗan ja ƙarfen gefe ta sake shi, ta ƙirga lilo ashirin tana duban agogo, ta rubuta. Sai ta rage tsawon zaren ta sake, ta sake, har ta cika jadawali, ta zana layi a takardar awo, daga karkatar layin ta fitar da ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi. A ta kemistiri za ta cika dogon bututun gilashi mai awo da asid, ta riƙe ɗan famfonsa da hannun hagu, tana kaɗa kwalba da hannun dama, tana sakin ɗigo ɗaya bayan ɗaya har ruwan ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ya wuce, awon ya ɓaci. Wannan aiki hannu ne ke koyonsa. Ɗalibar da ta yi shi sau da yawa cikin shekara uku, da wadda ba ta taɓa riƙe bututun ba sai makon jarrabawa, ba ɗaya suke ba, kuma ba kaifin ƙwaƙwalwa ne ya raba su ba.

Bayan wannan ga shingen kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, daga 2021 kuma sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ake rajista, ana farawa da tura saƙo ta waya. 'Yar ƙauyen da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, a ranar jarrabawa take koyon inda za ta danna, lokaci kuma yana tafiya. Masu cewa intanet zai cike giɓin su tuna cewa a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda tsaro, ciki har da Batsari da Safana, ba a maido ba sai bayan watanni. Karatu ta waya taimako ne, amma ba zai maye gurbin malami da ɗakin gwaji ba.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan

Akwai masu ganin lissafi da kimiyya kayan aro ne. Tarihin Katsina bai yarda da haka ba. Muhammadu ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malamin lissafi da ilimin taurari, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimin lambobi, wato murabba'in da duk layin da aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya yake bayarwa. Ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau kuma masu nazarin tarihin lissafi suna ambatonsa. A zamaninmu, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma koyar da shi kafin ya zama gwamna da shugaban ƙasa. Jami'ar jihar da aka kafa a 2006 sunansa take ɗauke da shi.

Ilimin mata ma yana da tushe. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci matsala mai kama da ta yau: matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zauna a gaban malami a birni ba. Ba ta jira su zo ba. Ta horar da jajis, dattawan mata amintattu, suna karɓar karatu a wurinta suna kai wa 'yan'uwansu mata a ƙauyuka. Tsarin da aka sani da 'Yan Taru ke nan. Darasin a fili yake: idan hanya ta gagari mai neman ilimi, ilimin ake ɗauka a kai masa, kuma a hannun wanda gida ya yarda da shi.

Karatun boko dai bai fara da mata ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye da yawa daga shugabannin Arewa na farko, ta maza ce zalla. Ko da Kano ta ɓullo da makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, shirin da ya samar wa Arewa likitoci da injiniyoyi masu yawa, da maza aka fara, ta mata ta biyo baya. Katsina ma ta bi wannan hanya da makarantu irin sakandaren kimiyya ta 'yan mata da ke Ajiwa. Waɗannan makarantu sun yi aiki, suna kan yi. Abin da ya sauya shi ne hanyar zuwa gare su.

Matan da suka tsallake

Ƙarancin mata a kimiyya ba matsalar Arewa kaɗai ba ce. Alƙaluman UNESCO sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na masu bincike a duniya mata. Tun da aka fara bayar da kyautar Nobel a 1901, mata biyar suka samu ta fiziks: Marie Curie a 1903, Maria Goeppert Mayer a 1963, Donna Strickland a 2018, Andrea Ghez a 2020 da Anne L'Huillier a 2023. A gida kuma, Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya da aka kafa a 1958 ba ta samu shugaba mace ba sai a 2024, lokacin da Injiniya Margaret Oguntala ta karɓi ragama.

Duk da haka, mace ta farko da ta zama farfesar fiziks a Afirka a Arewa ta yi aikinta. Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Filato, ta yi digirin digirgir a Zariya a 1970 kan kimiyyar binciken abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ta zama farfesa a 1980. Ilimin da ta ƙware a kai shi ne wanda ake gano ma'adinai da ruwan ƙarƙashin ƙasa da shi. A Nijar, Fadji Maina ta tashi a Damagaram, garin da ya san wahalar ruwa, ta karanci kimiyyar ruwa har digirin digirgir a Faransa, a 2020 kuma ta fara aiki da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA. Matsalar garinsu ce ta zama fagen bincikenta.

Labarin da ya fi kusa da gidajen Batsari da Safana shi ne na Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero. An haife ta a Wangara ta ƙaramar hukumar Gezawa a jihar Kano. Ta yi aure tana da shekara 18 bayan ta gama sakandare, ba ta shiga jami'a ba sai da ta kai 29, tana tafiyar da makarantar renon yara don ta samu abin biyan kuɗin karatu. Ta yi digiri na ɗaya da na biyu da na uku a fiziks, ta ƙware kan yanayin sararin sama. A 2015 tana cikin mata biyar na ƙasashe masu tasowa da suka samu kyautar Gidauniyar Elsevier, uku daga cikinsu 'yan Najeriya, a shekarar kuma BBC ta sa ta cikin jerin mata 100 na duniya.

Abubuwa biyu ne za a ɗauka daga rayuwarta. Na farko, aure bai kashe karatun ba. Na biyu, abin da ya ba ta damar dawowa shi ne ta riga ta kammala sakandare kafin a kai ta ɗaki. Yarinyar da aka cire a aji uku na ƙaramar sakandare ba ta da wannan tsanin. Shekara uku ne kacal tsakanin su biyun, kuma a kan waɗannan shekaru uku ya kamata a fi sa ƙarfi.

Waɗanda ko a lissafi ba a sa su

Ba mata kaɗai aka bari a baya ba. Akwai 'ya'yan Fulani makiyaya na bakin daji. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa tun 1989, amma aikinta ya fi tsayawa a matakin firamare, rikicin shekarun nan kuma ya watsa rugage da makarantunsu. Yaron ruga da bai taɓa ɗaukar bindiga ba yana tsoron shiga gari, gari kuma yana tsoronsa. Rashin makaranta da asibiti da ruwan sha yana cikin koke-koken da ake maimaitawa a zaman sulhu da 'yan bindiga. Yarinyar da ta taso tana bambance ciwon saniya da ido tana da rabin abin da likitan dabbobi ke buƙata. Sauran rabin a ajin bayoloji da kemistiri yake, ba ta da hanyar isa can.

Akwai masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi a gyara gine-ginen gwamnati yadda za su iya shiga, a kuma ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Amma teburin gwaji da aka gina don mai tsayuwa ba ya yi wa mai keken guragu amfani, kurma kuma yana buƙatar malamin da ya iya bayanin wutar lantarki da maganar hannu. Sau da yawa ana tura irin waɗannan ɗalibai ajin da ba na kimiyya ba tun ba a tambaye su abin da suke so ba.

Akwai 'ya'yan gudun hijira da suka rasa zango biyu ko uku, suka dawo sun girmi ajinsu, kunya ta hana su zama da ƙananan yara. Akwai almajiran da ke gyaran waya da babur da janareta a bakin kasuwa, hannunsu ya riga ya san aikin, ba su da takardar da za ta kai su kwalejin fasaha. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan rukunoni, mace ce ta fi nisa da ƙofa.

Abin da ake yi, da inda ya tsaya

Ba a zauna haka nan ba. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, aka ƙara masa miliyan 700 a 2023. Shirin yana gina azuzuwa da gyara su, yana samar da banɗaki da ruwa, yana ba iyaye marasa ƙarfi tallafin kuɗi bisa sharaɗin 'yarsu ta ci gaba da zuwa makaranta, yana kuma koyar da kwamfuta da dabarun zaman duniya. Kafin shi an yi shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, wanda a ƙarƙashinsa aka ɗauki nauyin matan karkara su yi karatun malanta su koma su koyar a garuruwansu. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 ta hanyar jarrabawa, ta kuma kafa rundunar tsaron al'umma a 2023. A matakin tarayya, Katsina tana cikin jihohin da aka ware wa kaso na musamman a guraben jami'o'i saboda koma-bayan ilimi, tun 2024 kuma akwai asusun ba ɗalibai rance. Sulhun da al'ummomi suka fara ƙullawa da 'yan bindiga a 2025, a Batsari da Jibiya da Safana da wasu wurare, ya ba wasu garuruwa damar komawa gona da kasuwa, ko da yake mutane suna tafiya da shi cikin taka-tsantsan.

Giɓin da ya rage shi ne yawancin waɗannan tsare-tsare burinsu yarinya ta shiga aji ta zauna. Wannan babban aiki ne. Amma wane aji? Sabon gini mai fenti ba ɗakin gwaji ba ne. Tallafin kuɗi yana saya mata littafi da takalmi, ba ya kawo malamin fiziks garin da malamai ke gudun a tura su. Kason guraben jami'a da rancen karatu kuwa sai wadda ta riga ta samu kiredit ɗinta ke cin moriyarsu.

Abin da ya kamata a sa a gaba

Abu na farko, a kawo kimiyya kusa da gida. Manyan garuruwa irin Batsari da Ruma da Wagini da Safana da Runka da Zakka su samu cikakken ajin kimiyya a makarantun jeka-ka-dawo, da ɗakin gwaji mai ruwa da wutar sola. Kayan gwajin sakandare ba na jami'a ba ne. Da yawansu akwati ɗaya yana ɗaukarsu, makarantu biyu ko uku kuma suna iya yin karɓa-karɓa da su. Yarinyar da za ta riƙe bututun awo da safe ta kwana a ɗakin mahaifiyarta da dare, babu uban da zai ji nauyin barin ta.

Na biyu, malama 'yar gari. A zaɓo 'yan mata masu hazaƙa daga gundumomin nan, a ɗauki nauyinsu su karanci koyar da fiziks da kemistiri da lissafi a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko ta Tarayya da ke Katsina, da alkawarin aiki a garinsu idan sun gama. Baƙon malami yana neman canjin wurin aiki da zarar ya ji ƙarar bindiga. 'Yar gari gidansu ke nan. Ganinta kuma a gaban allo ya fi wa'azi goma tasiri a kan uwar da ke shakkar ko mace tana iya wannan karatu.

Na uku, ƙofar dawowa. A samar da azuzuwan matan aure da ake koyar da darussan kimiyya a cikinsu, ba ɗinki da saƙa kaɗai ba, a lokutan da suka dace da aikin gida, da wurin ajiye jarirai. Iyaye kuma suna da damar sa sharaɗin kammala karatu tun a wurin neman aure, malamai da hakimai da dagatai su zama shaidu. Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, da limaman Juma'a, maganarsu tana isa inda takardar ma'aikata ba ta isa.

Na huɗu, jami'o'i da kwalejoji su ɗauki masaukin ɗalibai mata a matsayin abu na farko. Abin da ya faru a Dutsin-Ma ya nuna hatsarin barin su su yi haya a gefen gari. Ƙungiyoyi irin ta injiniyoyi mata ta APWEN, wadda aka kafa a 1982, da tsofaffin ɗalibai 'yan asalin yankin, su riƙa haɗa kowace sabuwar ɗaliba da wata babbar yaya da ta riga ta bi hanyar, wadda za ta kira idan darasi ya yi tsauri ko gida ya fara matsa mata.

Na biyar, kada a raina ƙaramar fasaha. Ba kowa zai zama farfesa ba. Yankin yana buƙatar masu haɗa sola, masu gyaran famfon rijiyar burtsatse, masu aikin ɗakin gwajin jini, masu sarrafa rogo ya zama gari da sitaci maimakon a sayar da shi ɗanye da araha. A ƙasar da ake rubuta "ba shiga" a ƙofar gida, mace mai haɗa wuta ko gyaran firji tana shiga inda namiji zai tsaya a zaure. Kasuwa ce da ke jiran masu ita.

Duk wannan yana buƙatar ma'auni, in ba haka ba zai ƙare a jawabin ranar 11 ga Fabrairu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2015 don mata da 'yan mata a kimiyya. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne, kuma yana cikin takardun da ma'aikatar ilimi ke riƙe da su: 'yan mata nawa ne daga makarantun Batsari da Safana suka zauna jarrabawar fiziks a bana, nawa suka samu kiredit, nawa suka wuce gaba? A riƙa fitar da wannan adadi kowace shekara, makaranta bayan makaranta, a karanta shi a rediyo, a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Shugaban ƙaramar hukuma da kansila da ɗan majalisa su san za a tambaye su a kansa kamar yadda ake tambayarsu taki da hanya. Iyayen yankin nan sun biya farashin rashin tsaro da dukiya da rayuka. Haƙƙinsu ne kada a bar su su ƙara biyansa da makomar 'ya'yansu mata.